Inna Toyo da Gaisuwar da Ke Cin Daƙiƙa Biyu

Duk ranar da za a yi tseren zamiya a kan ƙanƙara a gangaren Minasawa, kafin direban motar daddale ƙanƙara ya gama shan shayinsa, Inna Toyo Kazamaki ta riga ta hau lilon da ke kai mutane saman dutse. Ita kaɗai ce a kujerar farko, da shebur a cinya, da gorar shayi a cikin riga. In ta isa, sai ta haƙe ƙofar rumfar tashi daga dusar ƙanƙarar da ta binne ta, ta share dandamali, ta durƙusa ta gwada siririyar sandar nan da ke gicciye a bakin rumfa daidai ƙwaurin mutum, wadda da zarar mai tsere ya ture ta agogo yake fara ƙirga masa lokaci. Sannan ta maƙala abin magana a kunne, ta kira mai agogo da ke can ƙasa, ta tambaye shi ko ya farka. Shekara arba'in da ɗaya tana wannan tambayar. Masu agogo huɗu sun yi zamaninsu sun wuce, ba a samu wanda ya ji daɗinta ba.

Aikin nata in an faɗa da baki ba shi da yawa. Mai tsere ya shigo rumfa da allunan zamiya ɗaure a ƙafafunsa, ta duba lambar ƙirjinsa, ta ƙirga masa daga biyar zuwa ɗaya, ta ce tafi. Shi ke nan. Da rani manomiyar shinkafa ce, ba ta da kambi ko ɗaya a bangon gidanta, sunanta bai taɓa fitowa a jaridar lardi ba. Amma duk wanda ya taɓa zamiya tsakanin tutoci a garin nan, daga likita har mai kai wasiƙa, ta gaban Inna ya bi.

Mun ga ranar da shugaban majalisar gari ya hau ba lamba a ƙirji, yana murmushi, yana cewa ai kowa ya san shi. Inna ta ce ita ta san shi, tun yana majina ma, amma agogo bai san shi ba, ya koma ƙasa ya ɗauko. Ya koma kuwa. Mun kuma ga wata baƙuwa daga birni da ta leƙa gangaren ta daskare, hawaye ya cika mata tabarau. Inna ba ta lallashe ta ba. Ta tura mata wani ɗan itace mai tsami da gishiri a baki, ta hau tambayarta yadda take dafa kabewa, tana kushe kowace amsa, har matar ta fusata ta manta tsoro. Ta sauka lafiya, ta dawo da kwalin alewa.

Ke ce, Inna, mai gane wanda zai faɗi tun daga yadda yake numfashi, ki ce masa ya sake ɗaure takalmi don kawai ya samu minti guda ya dawo hayyacinsa. Ke ce uwar rumfa, mai baki kamar barkono da hannu mai ɗumi. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da kika yi wa Genzo mai awara a hunturun nan.

Genzo Hokari shekararsa hamsin da tara, kuma shekara tara yana neman abu guda: ya shiga cikin mutum ukun da lardi ke turawa gasar ƙasa ta dattawa a rukunin sa'anninsa. Sau biyar yana zuwa na huɗu. Bana likita ya ce masa a watan Afrilu zai buɗe gwiwar hagun nan ya saka ƙarfe, daga nan sai dai zamiya a hankali da jikoki. Wato tseren zaɓe guda ya rage masa a duniya.

Ba wai bai iya ba. Ya sayi sababbin alluna, ya rage tumbi, ya ɗauko mai horarwa daga birni wanda ya ɗauke shi hoton bidiyo ta gaba da ta baya, ya ce kwankwasonsa daidai, kaifin allunansa na cizon ƙanƙara yadda ake so. Ranar atisaye, in ba kowa a gangaren, Genzo kan yi lokacin da zai ba shi na biyu. Ranar tsere kuwa sai daƙiƙa biyu su ɓace, ba a san inda suka shiga ba. Mai horarwar ya ce tsoro ne, ya koma birni.

Asirin ya tonu ne a wurin cin abincin buɗe shekara na ƙungiyar masu zamiya, ranar da Genzo bai zo ba saboda awararsa na kan wuta. Malam Kumagai, tsohon shugaban firamare mai shekara tamanin da uku, wanda ke tsaron tuta ta tara, ya hau faɗan mutanen zamani, wai suna wuce dattijo a guje ko kallo babu. Ya ce mutum ɗaya ne ya rage mai tarbiyya, Genzo, wanda bai taɓa wuce shi bai rusuna ba. Mai kula da ɗakin bauta, da ke tuta ta goma sha bakwai, ya ce shi ma yana samun tasa. Yayan matar Genzo, na tuta ta ashirin da huɗu, ya ce tasa ma har da ɗan murmushi.

Inna ta ajiye tsinken cin abincinta. Ita ta san tata: duk shekara in ta ce tafi, sai Genzo ya rusuna mata tukuna, ƙwaurinsa ya ture sanda, agogo ya kama aiki shi yana nan sunkuye. Ta gani shekara tara ta yi shiru, kuma da bakinta ta faɗa mana dalili. Gaisuwar tana mata daɗi. Mutum ɗari na wuce ta a rana, shi kaɗai ke tuna cewa mutum ce a tsaye a wurin. Ta ce ranar ta koma gida da kunya kamar wadda aka kama da hannu a tukunyar wani.

Washegari da safe ta same shi a shago, tururin waken suya ya rufe shi.

"Genzo, ladabinka ne ke kayar da kai."

Ya rantse bai taɓa rusuna wa kowa a kan hanyar tsere ba, mahaukaci ne shi? Yana musun yana rusunawa. Inna ta ƙirga a fili, kafin ya gama magana ya yi bakwai.

Dabarar farko ta ƙungiya ce, kuma ba ta yi kyau ba. Aka rufe wa masu tsaron tutoci fuska da tabarau da mayafi a ranar gwaji, wai in bai gane dattawan ba zai wuce. Genzo da ya ga bai san waye waye ba, sai ya ji tsoron kada ya wuce malaminsa, ya gaishe da tutoci talatin da biyu ɗaya bayan ɗaya, har da wata riga da aka rataye a jikin itace. Ya ƙara daƙiƙa biyar.

Dabara ta biyu ta Inna ce. Da safiyar kowane tsere akan bar masu gudu su gangara a hankali su karanci hanya. Ta ce a wannan lokacin Genzo zai tsaya gaban kowane dattijo ya rusuna sau biyu, ɗaya ta yanzu, ɗaya ta anjima, su kuma su karɓa su ajiye. Malam Kumagai ya ƙi. Ya ce gaisuwa ba kabeji ba ce da za a jiƙa a gishiri a ajiye.

"Malam," in ji Inna, "kai ka dasa masa wannan abin a aji uku. Shekara hamsin yana yi maka. Ka ba shi hutun minti ɗaya da rabi."

Malam ya yi ta huci har shayinsa ya huce, sannan ya ce to, amma dole ta ajiyar ta fi ta yanzu zurfi.

Ranar tseren zaɓe gari ya waye garau, ƙanƙara ta yi tauri. Genzo ya bi tutoci ya raba gaisuwarsa bibbiyu, kowa ya karɓa da fuskar aiki. Inna ma ta karɓi tata tun a gindin lilo, ta gargaɗe shi cewa in ya shigo rumfa ita itace ce. Komai ya tafi daidai har aka zo kan lamba arba'in da bakwai. Genzo ya shigo, ya kafa sandunan hannunsa a waje, idonsa a kan tuta ta farko.

A daidai wannan lokacin shugaban ƙungiya, mutumin kirki wanda bai taɓa ganin lasifika ya ƙyale ba, ya ga tsere ya ɗan lafa, ya ce bari ya cike gurbi. Muryarsa ta karaɗe dutsen. Ya sanar cewa yau ce ranar ƙarshe ta Toyo Kazamaki a rumfar tashi bayan shekara arba'in da ɗaya, a yi mata tafi. Inna ta roƙe shi tun kaka kada ya faɗa sai an tashi.

Waɗanda ke layi a baya sun ce sun ga bayan Genzo ya fara lanƙwasa da kansa. Ƙwaurinsa da sanda saura faɗin yatsa. Ina za a ce mutum kamar wannan ya wuce matar da ke ce masa tafi tun yana saurayi, a ranarta ta ƙarshe, ba ko sunkuyar da kai?

"Inna," ya ce, "wannan kam ba ta cikin ta safe."

"Na sani. Riƙe ta. Kar ka ba ni a nan, ba na karɓa. Kai ta ƙasa. In ka wuce tuta ta ƙarshe ka ba ni ita, har goshi ya taɓa gwiwa, kuma kar ka ɗago sai na ce. Zan ji ta a kunne. Biyar."

Ya fita kamar an cinna masa wuta. Ya wuce Malam Kumagai ko waiwaye babu, Malam ya ɗaga tuta yana ihun ya yi sauri, abin da ba a taɓa ji daga bakinsa ba. Bayan tuta ta ƙarshe akwai shimfiɗaɗɗen fili mai tsawo, inda gwanaye ke dunƙulewa don iska ta wuce ta kansu. Mai horarwar birni ya yi wata biyu yana fama da Genzo ya dunƙule a nan, bai taɓa sauka ƙasa da rukuʼun mai ciwon baya ba. Ranar ya naɗe kamar tabarma. Ya ƙetare layi a haka, kuma da yake ba a ce ya ɗago ba, bai ɗago ba, ya wuce filin tsayawa ya shige ragar kariya da ka. Aka zaro shi ta ƙafa.

Ya zo na uku, da ratar da ba ta kai ƙiftawar ido ba tsakaninsa da na huɗu.

Mai agogo ya faɗa wa Inna lokacin a kunne, lamba arba'in da takwas na tsaye a gabanta. Ta ce biyar, huɗu, huɗu. Ta tsaya, ta goge hanci da bayan safar hannu, ta ba mutumin haƙuri, ta sake daga farko. Mai lamba arba'in da takwas ya ce shi bai ji komai ba, kuma har yau bai canja magana ba.

Da aka tashi muka hau gaba ɗaya, Genzo a gaba da shatin raga a fuska. Muka same ta tana naɗe waya. Ya tsaya a gabanta zai fara, ta ce ta riga ta karɓa, ya miƙe kafin bayansa ya riƙe. Sai ta tambaye shi, a hankali, yadda wurin yake can ƙasa in mutum ya ƙetare layi. Muka yi dariya, muna zaton tsokana ce. Ba tsokana ba ce. Shekara arba'in da ɗaya Inna ba ta taɓa ganin ƙarshen tsere ba. Tana sauka ne bayan an kwashe tutoci, kowa ya tafi wanka. Duk murnar da muka yi a gindin dutsen nan, ita bayanmu kawai ta gani muna tafiya. Na ji kunya ranar, kuma ba ni kaɗai ba.

Mun gode, Inna Toyo. Mun gode da shebur, da shayi, da baƙar magana, da gaisuwar da kika fi kowa so kika ƙi karɓa don mai ita ya kai inda yake nema. Allah ya ƙara miki lafiya, ya ba shinkafarki albarka. Masu karatu kuma, kowane gari yana da irin wannan rumfar da wani a tsaye cikin sanyi yana tura mutane gaba. In kun samu dama ku zama shi. In ba ku samu ba, ku hau ku gaishe shi, amma ba lokacin da agogo ke tafiya ba.

Rumfar yanzu tana hannun wata malamar asibiti da Inna ta horar, an ce ta fara tambayar mai agogo ko ya farka. Gasar ƙasa kuwa saura mako biyu. Ƙungiya ta kama wa Inna kujera a motar tafiya, kuma shugaba ya yi alkawarin ba zai taɓa lasifika ba. Za mu tsayar da ita a bakin layin ƙarshe, a sahun gaba. Ta ce za ta je, da sharaɗin kada kowa ya faɗa wa Genzo gefen da take, ta san halinsa.

"Ko na nawa ya zo ba ruwana," in ji ta. "So nake sau ɗaya in ga ɗayanku ya taho gare ni."