Sista Hannatu da Matan Ranar Kasuwa

Ƙarfe bakwai saura, kafin masu shara su gama da baranda, Sista Hannah Kefas ta riga ta jingine tsohon babur ɗinta a gindin dalbejiya. Ɗakin masu jego take fara nufa. Ta bi gado-gado ta tambayi kwana, ta tambayi jinjiri, sannan ta ɗaga bandeji ta duba ɗinki, ta rubuta wani abu a littafinta mai baƙin bango. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana aiki a wani ƙaramin asibiti tsakanin Talata Mafara da Bakura, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye. Bakin mutanenmu bai iya Hannah ba, Hannatu suke ce mata, ita ma ta daɗe da amsawa.

Ni malamin firamare ne, kuma abin da ya haɗa ni da ita mai ɗaci ne. Shekara goma sha shida da suka wuce aka yi wa matata Ikilima aiki aka ciro 'yarmu Fiddausi. Bayan an sallame mu ɗinkin ya ruɓe, zazzaɓi ya rufe ta, kwana goma sha biyu muka kai ta makwanci. A asibiti aka ce wankan jego ne, tafasasshen ruwa da ganye a kan sabon ɗinki. Inna, mahaifiyata, ita ta yi mata wankan. Na dawo gida na gaya wa tsohuwar nan maganar da ba a gaya wa uwa. Daga nan gaisuwarmu ta koma ta bakin ƙofa.

Ita ma Hannatu ta sha ɗora laifin a kan wankan. Amma abu ɗaya ya tsaya mata a rai: kusan kowace mai jego tana yi, me ya sa wasu ne kawai ɗinkinsu ke ruɓewa? Sai ta shiga rubutawa. Suna, gari, ranar aiki da lokacinsa, wanda ya turara kayan aiki don kashe ƙwayoyin cuta. Ranar hutunta sai ta hau babur ta bi matan da aka sallama, Jangebe, Maradun, har ƙauyukan bakin Bakolori. Abokan aiki suka laƙaba mata suna mai bin gyambo. Ba ta kula su ba.

Bayan shekara uku ta ƙirga. Ɗinki arba'in da ɗaya ya ruɓe, talatin daga ciki an yi su ne ranar Talata bayan azahar. Ranar kasuwa ce, ranar da mota ke shiga ƙauye, sai a kwaso matan da suka kwana biyu suna naƙuda a jere su a baranda. Kayan tiyata kashi biyu ne kawai. Don a ceci ta gaba, sai a sauke su daga tukunyar tururi kafin lokacinsu ya cika. Sau da yawa hannun da ya sauke nata ne.

Likita Mukhtar, shugaban asibitin a lokacin, shi ya ba ni labarin taron da ta buɗe littafin. Wani ya ce, "Haba Sista, tona mana asiri za ki yi?" Ta ce, "Sunana ne a layin farko. Ku fara da ni." Aka ƙaro kayan aiki, aka kafa agogo a kan tukunya, ba mai buɗewa sai ya buga, ko da likita na tsaye yana jira. Daga shekarar da ta biyo baya, ruɓewar ɗinki ta koma abin ƙirgawa da yatsun hannu ɗaya. Likitoci suka karanta binciken a taronsu na Sakkwato, sunanta can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Har yau tana gargaɗin mata su kare ɗinki daga ruwan zafi, amma ta daina cewa uwaye ne suka kashe.

Wata Asabar da hantsi ta yi sallama gidanmu. Ta durƙusa gaban Inna, suka gaisa, sannan ta ce, "Inna, ba ke ba ce. Ranar Talata da la'asar aka yi wa Ikilima aiki, ni na sauke kayan. Ki yafe mini."

Inna ta dube ta. Ta ce, "Ɗiyata, kwana ya ƙare, na yahe miki. Amma hwaɗa mishi, ga shi nan tsaye bakin ƙohwa."

Sista, ke ce kika nemi gaskiya kin san kanki za ta faɗo. Da kin rufe littafin nan ba wanda zai sani. Ban ɓoye miki ba, ranar na ji zafinki. Yau godiya nake yi, ni da matan da suka koma gida da ƙafafunsu ba su san sunanki ba. Ku matasan ma'aikatan jinya, ku riƙa rubuta abin da ya faru, ko da hannunku na ciki.

Inna ta rasu shekara guda bayan zuwanki. A cikin shekarar nan na shiga ɗakinta, na zauna a tabarmarta, na nemi gafara ta yafe mini. Ba don ke ba, da daga bakin ƙofa zan raka gawarta. Allah Ya ba ki hutu mai albarka, Hannatu.