Ranar da Demetrio Ya Iso Kan Lokaci

Shekara talatin da ɗaya Demetrio Surace ya yi yana tuƙa ƙaramin jirgin ƙasan da ke tashi daga birnin Reggio na Italiya ya bi bakin teku har ƙauyensu, inda layin nasa ya ƙare. Tarago biyu ne, teku a dama, gonakin lemo a hagu. Sha biyu da arba'in aka rubuta masa ya iso, amma bai taɓa isowa kafin ɗaya da minti goma ba. Kunkuru ake kiransa, yana kuma amsawa.

"Kunkurun ma da zai ji, sai ya kai ni ƙara," in ji shi.

Dalili ba ya ƙare masa. Yau awaki ne a kan layi, gobe tsohuwa ce ya hango da kwando ya tsaya jiranta. Wani lokaci kuwa tekun ne kawai ya yi kyau, hannunsa ya ƙi ƙara gudu.

Idan ya sha kwanar ƙarshe yakan danna hon sau biyu. Da ji, matarsa Nunziata sai ta zuba taliya a tafasasshen ruwa, yana shiga gida ana juyewa. Maƙwabta ma da wannan hon suke zuba tasu.

Ranar da zai yi ritaya ya tashi da buri guda: ya iso kan lokaci, ko sau ɗaya, kada jikokinsa su gaji sunan Kunkuru. Ya san an shirya masa tarba a tasha, har da masu badujala.

"Saro," ya ce wa mai duba tikitinsa, "yau ba jiran kowa."

"Mutumina, zazzaɓi kake yi?"

"Rufe ƙofa dai."

Ranar ko kallon teku bai yi ba. Tasha bayan tasha ba fasinja, don kowa ya san ba a fitowa sai lokacin Demetrio. A wata tashar Saro ya hango wani da kumfar aski a fuska yana bin su da zagi.

Ya sha kwana, ya danna hon sau biyu. Sha biyu da arba'in cif ya taka birki, ya gyara hula, ya sauko yana taƙama.

Ba kowa, sai wata kyanwa a ƙarƙashin benci.

"To, ranka ya daɗe, yi mata jawabin," in ji Saro.

Demetrio ya zauna a bencin. Rana ta buɗe, ba inuwa, katako na ƙuna. Ya duba agogo, ya miƙe, ya leƙa hanya, ya sake zama. Rabin awa yana jiran masu jiransa.

Ɗaya da minti goma suka ɓullo a tsanake, masu badujala a gaba, Nunziata a baya da ludayi.

"Kai ne ka danna hon ɗazu?" ta ce. "Na ɗauka baƙon jirgi ne. Ruwana ko ɗumi bai yi ba! Tsoho, sau ɗaya ka yi daidai a duniya, shi ma ɓarna."

Aka bushe da dariya, shi ya fi kowa.

Har yau in an zauna da shi sai ya kawo zancen bencin nan.

"Ashe haka yake da zafi," yakan ce. "Shekara talatin da ɗaya ina gasa mutane a kansa, suka kuma zo mini da badujala."