Saƙon Yaji a Jirgi Marar Inji

Maigidana makanikin jiragen sama ne a filin jirgin da ke kusa da gidanmu a unguwar Jamaica, amma hankalinsa yana kan jirgi marar inji. Wani jirgin ne ke jansa sama ya sake shi, sai iskar da ta bugi tsaunukan Pennsylvania ta tashi sama ta riƙe shi. Burinsa ya bi tsaunukan har Tennessee ya dawo bai sauka ba, ya kafa tarihi a ƙungiyarsu ta masu tuƙa irin wannan jirgi.

Maimakon ya yi shiru, sai ya je ya faɗa a masallaci. Nan da nan falona ya cika da saƙo. Maƙwabciyarmu, wata Hajiya 'yar Kumasi, ta kawo yaji a kai wa 'yarta a Virginia, wai ai hanya ce. Na ce, "Hajiya, ba ya sauka fa." Ta ce, "To ya rage gudu mana, yarinyar za ta fito." Shi kuwa kunya ta hana shi musawa, ya karɓa ya zuba a but ɗin motata, don jirgin da ƙyar yake ɗaukarsa shi kaɗai.

Ranar tafiya iska ta mutu da la'asar, ya dira a gonar wani mai shanu a Virginia. Ni na jawo tirelar ɗaukar jirgin da motata na je kwaso shi da jirginsa, na biya na miƙa wa yarinyar yajinta.

Har yau Hajiya tana ba da labarin yadda Alhaji ya sauke jirgi takanas saboda 'yarta. Ni da na yi tuƙin, ko sannu ban samu ba.