Daɓen Ɗakin Kaka

Gidanmu a Isa yana can gefen gari, inda ƙasa ta fara gangarawa zuwa fadama. Ƙasar wurin baƙar laka ce. Da rani takan bushe ta daddare, har in na tura tsinken tsintsiya cikin tsagar sai ya shige duka. Da damina kuwa sai ta kumbura, ta riƙe ruwa, ta riƙe takalmin mutum. Ina aji uku a elementare, shekaru kaɗan kafin Turawa su tafi, Baffa ya dawo gida da siminti.

Baffa ƙanen mahaifina ne, autan Kaka. Ya daɗe a wajen Gusau yana aikin birkila, suna gina kwalbatoci da gidajen ma'aikata. A lokacin babu gida ko ɗaya a unguwarmu mai siminti, sai dai a gan shi a asibiti ko ofis. Dabarar Baffa ita ce ya yi wa ɗakin mahaifiyarsa daɓen siminti, mutane su gani, su kira shi aiki. In sun kira shi, ya zauna gida. In ba su kira shi ba, dole ya koma inda ya fito, don gonar gidanmu ba ta isa magidanta biyu ba. Kaka ba ta taɓa cewa tana kewarsa ba. Amma a ɗakinta nake kwana, kuma duk shekarun da ba ya nan, ni take aika bakin tasha ranar kasuwa in duba waɗanda suka sauko daga motar Ƙauran Namoda.

Ya fara aikin ne da tsakiyar rani, lokacin da Kaka ta tafi Gangara zaman jego wajen gwaggona. So yake ta dawo ta tarar an gama. Aka fitar da gadonta da tukwanenta, ya ɗauki diga ya fasa tsohon daɓen. Na tsaya bayan ƙyaure ina kallo. Saman daɓen baƙi ne mai sheƙi, amma ƙarƙashinsa ja ne, jar marmara mai kauri, ƙarƙashinta kuma farin yashi. Baffa ya kwashe su duka a kwanon sarki, ya zagaya ya zubar bayan ɗakin. Da ya kai ga laka sai ya buga diga, ta yi ƙara kamar ya bugi dutse.

"To, ga ƙasa ta gaskiya," in ji shi. "Bisa wagga za ni zuba."

Inna, mahaifiyata, tana tankaɗe a tsakar gida. Tsakaninta da shi akwai wasan ƙanen miji da matar wa, ba ta raga masa ko kaɗan.

"Birkila, wai kai mi ka koyo Gusau, gini ko rushe ɗakin tsohuwa?"

"Ke dai ki bari. In na gama, ke za ki zo kina roƙo in yi miki naki."

"Ni? In kwanta bisa dutse kamar ƙadangare? Allah shi kiyashe ni."

Aikinsa kuwa yana da kyau, wannan ba mai musu. Ya gauraya siminti da yashi da tsakuwa, ya zuba, ya ja katako a kai, ya bi da cokalin gini har wurin ya yi sumul. Yana da wani ma'auni na katako mai ɗigon ruwa a cikin gilashi, in ya aza shi a ƙasa ɗigon ya tsaya daidai tsakiya. Ya rufe daɓen da jiƙaƙƙun buhuna, kwana bakwai yana yayyafa masa ruwa safe da yamma. Inna ta ce ba ta taɓa ganin wanda ke son abu ya bushe yana kuma shayar da shi kamar jinjiri ba.

Da Kaka ta dawo, gida ya cika da 'yan kallo. Maza ma suna shigowa da sunan gaida tsohuwa, idonsu na ƙasa. Kaka ta cire takalmi ta shiga, ta buga diddige a tsakiyar ɗakin, ta buga a kusurwa.

"Allah shi yi maka albarka, Auta," ta ce. Ta shiga gaisawa da baƙi.

Sai da mutane suka watse ta tambaye ni ina jar ƙasar da ke ƙarƙashin tsohon daɓen. Na ce an zubar bayan ɗaki. Ta ci gaba da jera ƙorenta. Kaka ita ce uwar daɓe a unguwarmu. Duk matar da za a yi wa daɓe, ita ake kira ta tsaya a kan aikin, kuma wancan daɓen da aka fasa da hannunta ta buga shi tun kafin a haife ni. Amma ba za ta gyara wa ɗanta aiki a gaban jama'a ba, ga shi kuma an riga an zuba.

Mutum uku suka yi wa Baffa maganar aiki. Dukansu suka ce a bari damina ta wuce tukuna, su gani.

Ni ke share ɗakin kowace safiya kafin in tafi makaranta, don haka ni na fara ganin abin. Da farko in ruwan buta ya zube, tsayawa yake wuri ɗaya. Bayan ruwan sama na huɗu ko na biyar, sai na ga yana gangarawa wajen ƙofa. Na leƙa bayan ɗaki. Tulin ƙasar da Baffa ya zubar ya tare hanyar da ruwan tsakar gida ke bi zuwa rariya, ruwa ya kwanta a gindin bango, har kwaɗi sun samu wurin zama. Bayan kwana biyu na ga wani siririn layi a kan daɓen, kamar gashi ya faɗi. Na sa tsintsiya, bai tafi ba. Kashegari tururuwa na fitowa daga cikinsa.

Ban iya faɗa wa Baffa ba. Ni ko a aji, in malam ya tambaye ni abin da na sani, kunya takan hana ni amsawa. Na ja tabarma na rufe wurin. Kwana uku ina yin haka, sai Kaka ta ce, tana yi mini kitso, "Kishiya, tabarmag ga ƙafa gare ta? Kullum sai in ishe ta ta matsa." Haka take kirana da wasa. Na sunkuyar da kai na faɗa mata duka, har da ruwan bayan ɗaki. Ta ce ta gani tun ran farko.

Kafin gero ya fitar da kai, tsagar ta kai daga bangon baya har bakin ƙofa, ta yi rassa biyu. Gefe ɗaya ya ɗaga sama da ɗaya, har wata maƙwabciyarmu ta yi tuntuɓe ta zubar da furar da ta kawo. Daga nan labari ya fita. A bakin rijiya na ji ana cewa ƙasar Turawa ba ta son ƙasar Gobir. Mutanen nan uku ba wanda ya sake leƙowa.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, Baffa ya shigo ɗakin ya tsuguna, ya aza ma'auninsa a kan daɓen. Ɗigon ruwan ya gudu can gefe. Ya daɗe yana kallonsa.

"Iya, za ni koma Gusau," ya ce. Iya suke kiranta, shi da Baba, mahaifina.

"Buhu nawa ya rage maka?"

"Bai kai rabin wanda na zuba da farko ba. In na sake zubawa ya fashe, shi ke nan."

"Can inda kuka yi aiki, wace irin ƙasa ce?"

"Jigawa ce, wani wuri marmara."

"To nan laka ce. Da rani ka buga ta ta yi maka ƙara, ka ce dutse ce. Barci take. In ta sha ruwa tashi takai, ta ɗaga duk abin da ke bisanta. Ka taɓa ganin na yi daɓe bisa laka tsirara?"

Baffa ya ɗauke ma'auninsa. Inna ce ta amsa daga bakin ƙofa. "Ina zai gani, Iya? Ran daɓe maza gudu sukai, kar a sa su cikin waƙa."

Kaka ta ce ya tsaya har a gama girbi. Ta ce za a sake daɓen, aikin ƙasansa nata ne, na samansa nasa. Ya yarda, ko da yake na ga ba don ya gamsu ba, don dai ba ya iya yi mata musu.

Abin da aka fara yi a ranar shi ne kwashe tulin bayan ɗaki. Baba da Baffa suka buɗe wa ruwa hanya, suka faɗaɗa rariya, suka ja ɗan lambatu har waje. Ruwan da ya kwanta wata biyu ya tafi kafin la'asar, ya bar wari da kwaɗi suna neman mafaka.

Da aka ɗaure gero aka kai rumbu, Baffa ya fasa aikinsa da hannunsa. Ban taɓa ganin yana aiki bai yi magana ba sai ran nan. Kaka ta sa ya haƙe lakar har zurfin ya kai gwiwarsa, aka fitar da ita waje can nesa. Jakuna suka yi kwana biyu suna kawo yashi daga gulbi, sannan marmara daga tudun da ke hanyar Sabon Birni. Gutsattsarin tsohon simintin ma ba a zubar ba. Baffa ya ce a farfasa su a shimfiɗa a can ƙasa, Kaka ta duba ta ce wannan dabara ce.

Ranar daɓe mata suka cika gidan tun hantsi, kowace da madaɓinta, wato guntun itace mai faɗin kai da ake bugun ƙasa da shi. Bisa al'ada namiji ba ya tsayawa wurin, don waƙar daɓe ba ta jin kunyar kowa. Baba ya ɗauki butarsa ya fice. Baffa ya ce shi ba inda za shi, sai ya ga yadda ake yi.

"Ku ji mini, mata," in ji Inna. "Yau mun samu amarya mai gemu. A ba ta madaɓi!"

Aka ba shi. Suka durƙusa a jere, Kaka na zaune kan kujera a bakin ƙofa tana ba da umarni. Ba a zuba marmarar gaba ɗaya. A zuba kamar kaurin tafin hannu, a yayyafa ruwa, a buga har ta daina motsi, sannan a ƙara wata. Madaɓai suna sauka tare, ƙasa na amsawa har cikin ƙirjina. Aikina shi ne yayyafa ruwa da ƙwarya. Nan take suka ƙaga waƙa a kan birkilan da ya yi wa uwarsa daɓe tururuwa suka tare a ciki. Baffa ya yi ta bugu, gumi na zuba, tun yana ɗaure fuska har ya fara dariya. Kafin azahar tafin hannunsa ya yi bororo biyu, wata tsohuwa ta kama hannun ta nuna wa sauran, aka yi guɗa.

Sau huɗu aka zuba aka buga. Kaka ta tashi ta taka ko'ina da diddige, ta nuna wata kusurwa ta ce a sake. Da aka sake ta ce, "To, Auta, ga ƙasarka. Mu da, makuba muka shafawa nan, ruwan ɓawon ɗorawa. Kai sa naka."

Aka bar wurin kwanaki ya sha iska. Baffa ya zuba simintin da ya rage, bai kai kaurin na farko ba. Wannan karon ya bar ɗan tsakani siriri tsakanin daɓen da bango, ya kuma ja layi ɗaya a tsakiya da bakin cokali, ya ce in ma zai tsage, ya tsage nan. Da ragowar da ta manne a kwanon sarki ya yi wa gindin bangon baya ɗan gangare, don ruwan indararo ya zuba ya wuce.

Sauran sai jira, kuma jiran ya yi tsawo. Da rani ba abin da za a gane, ko na farkon ma lafiya lau yake da rani. Baffa ya yi ta 'yan gyare-gyaren bakin rijiya, yana taya Baba aikin lambu a fadama. Sau biyu abokan aikinsa suka aiko masa daga Gusau, ya ce su dakata.

Daminar ta zo da ƙarfi. Akwai ranar da aka wuni ana ruwa har katangar maƙwabtanmu ta zauna. Kowace safiya ina shara ina duba daɓen kusurwa kusurwa, Kaka na kallona daga kan gado. Ban sami abin da zan rufe da tabarma ba. Bayan ɗaki kuwa, ana ɗauke ruwa wurin ke tsanewa.

Gero na cikin fitar da kai sarkin fawan unguwarmu ya yi sallama. Yana cikin mutum ukun nan na bara. Ya gaida Kaka, ya nemi izini, ya zagaya ɗakin yana ƙwanƙwasa ƙasa da sandarsa. Ya fita ya duba bayan ɗakin, ya dawo.

"Birkila, ɗaki biyu ne da zaure. Yaushe za ka fara?"

"Sai an gama girbi. Kuma sai na haƙa na ga ƙasar gidanka tukuna. In laka ce, ka shirya jakuna, ka kuma gaya wa matan gidanka akwai daɓe."

"Daɓe kuma? To mi ne amfanin simintin?"

"Ranka shi daɗe, ka taka shi yanzu. In kana son irin na bara, shi ma na iya."

Sarkin fawa ya yi dariya har da tari, ya ce a'a, na bana yake so.

Baffa bai koma Gusau ba. Bayan gidan sarkin fawa aka kira shi Gatawa, daga can Sabon Birni, amma duk inda ya je, ranar Alhamis yana gida. A ƙarshen shekarar ya tambayi Baba wurin da zai gina nasa ɗakin. Baba ya nuna masa kusa da turken awaki, Kaka ta ce a'a, wurin kwari ne, ya matsa gabas. Ya matsa.