Dabinon Baba da Ciwon Falmata

A sanyin shekarar da na shiga aji uku a lekol ɗin Gure, ranar kasuwa, Kawu Bukar ya sauko daga kamyo, babbar motar kaya, da labarin cewa wani kamfanin haƙar ma'adinai a arewa yana neman gardi, wato mai gadi. Ba albashin ne ya sa Baba ya ajiye ƙwaryar furarsa ba, sai jin cewa likitar kamfanin tana duba ma'aikaci da iyalinsa kyauta. Ƙanwata Falmata tana da amosanin jini. Duk sanyi ƙasusuwanta suke tashi, ni nake ɗora ta bisa jaki zuwa likita, a ba mu ƙwayar rage zafi mu komo, tana cizon bakin zanenta don kada yara masu wasan langa a hanya su ji kukanta.

Amma muna da dabino a kwari, gadon kakanni, kuma lokacin barbara ya zo, lokacin da ake hawa a ɗebo furen namiji a soka cikin na mace da hannu. In aka makara, shekarar ta tafi. Baba kaɗai ne mai hawa a gidanmu, ni aikina riƙe igiya da korar awaki. Kaka, mahaifiyarsa, ta ce, "Ka je ka tsare ƙofar wani, taka wa zai tsare?" Inna kuwa tana daka, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, dabino yana sake fure baɗi." Baba ya yi ta aunawa, yau ya ɗaure kaya, gobe ya kwance. Daga ƙarshe ya ce wa Kawu a jira shi ya gama barbara. Kamfani bai jira ba. Falmata ma ba ta ga nunar dabinon ba.

Yanzu na ajiye aikin koyarwa, furfura ta rufe kaina. Kwanan baya ɗana ya kira ni daga Damagaram: an ba shi aiki a Yamai mai ɗaukar nauyin maganin iyali, amma gidan haya ne ƙuntatacce, yara za su bar lekol ɗinsu, ni kuma zai yi mini nisa. "Baba, me ka gani?" Ni da na yi rayuwata ina ba 'ya'yan mutane amsa, sai na ji igiyar nan a tafin hannuna. Na ce masa kawai, "Kada ka jira barbara."

Dabinon suna nan a kwari, bana ma sun yi 'ya'ya. Har yau ban iya kai su baki ba.