Bodil da Sabuwar Firinta

Duk wanda ya san Bodil Kragh a garin Esbjerg, da aikin hannunta ya san ta, don ba mai yawan magana ba ce. Tana budurwa ta shiga kamfanin gyaran kifi na bakin tashar jiragen ruwa, ta yi ta feɗe kifi cikin sanyi har yatsunta suka kanannaɗe. Da aka rufe kamfanin sai ta koma kicin ɗin wata makarantar firamare, inda ta ƙarasa sauran ƙarfinta wajen feraye dankali da kankare tukwane. Tun tana kamfanin kifin ta haɗu da Egon, mai gyaran wuta a jiragen ruwa, dogo, mai shegen tsokana. Suka yi aure, suka haifi 'ya ɗaya tilo, Trine, wadda aiki ya kai ta birnin Aarhus.

Rabon aiki a gidan a fili yake. Abin ci da abin sawa na Bodil ne, duk abin da ake jona wa wuta kuwa na Egon ne. Ba ta taɓa canza ko ƙwan fitila ba, kuma ba ta taɓa jin kunyar hakan ba.

Sai mantuwa ta kama Egon. Da makulli ta fara, ta koma sunayen maƙwabta, har ranar da Bodil ta same shi tsaye a tsakiyar falo yana matse ƙafafu, yana neman banɗaki a gidan da shi ya yi masa wayarin wuta da hannunsa. Daga nan barci ya ƙaurace mata. Ita ce wanka, ita ce aski, ita ce amsa tambaya ɗaya daga safe har yamma.

Ma'aikaciyar jinyar da ƙaramar hukuma ke turowa ta ba ta shawara ta buga manyan hotuna ta liƙa a ƙofofi: hoton masai a ƙofar banɗaki, hoton gado a ƙofar ɗaki, sai fuskar Trine a jikin firiji da sunanta a ƙasa. Tsohuwar firintar Egon ta daɗe da mutuwa, har an kai ta juji. Trine ta yi odar sabuwa, aka kawo ta cikin ƙaton kwali wata safiya ana yayyafi.

Bodil ta ja kwalin zuwa ƙaramin ɗakin da tsohuwar take a da. Ta ɓare ledoji, ta sa tawada yadda hoton takardar ya nuna, ta jona wuta, ta danna. Wata 'yar fitila shuɗiya ta fara ƙyafta ido. Har ta ɗan ji daɗi. Ta taka zuwa falo inda kwamfuta take, ta zauna, ta gyara tabarau, ta danna inda takardar ta ce. Kwamfuta ta yi ta juya wani ɗan zobe, can ta rubuto cewa ba ta ga wata firinta ba.

"Ba ki gani ba?" in ji Bodil. "Ga ta can a ɗaki, girmanta ya kai ɗan maraƙi."

Ta koma ɗakin, sai ta tarar fitilar ta mutu. Ta sake kunnawa, ta dawo falo. Zoben ya juya, amsar ba ta canza ba.

"Baƙi za mu yi ne?" Egon ya tambaya daga baranda, yana yawo da safa kamar kullum.

"Babu baƙi, dattijo. Je ka zauna."

Da rana ta yanka masa baƙin burodi ta ɗora kifin gwangwani, ta kira Trine. Daga muryarta ta san a ofis take.

"Mama, kin kashe kin kunna?"

"Kashewa ai ba sai na wahala ba, ita ke kashe kanta."

"Barci take yi, haka sababbin suke. Kin haɗa ta da intanet ɗin gida?"

"Da me zan haɗa? Ko igiya ɗaya ba su sako a kwalin ba, sai ta wuta."

"Haba Mama, ta iska ake yi yanzu. Ɗaga akwatin intanet, akwai lambar sirri a ƙasansa."

Bodil ta durƙusa bayan talabijin, gwiwoyinta na ƙara. Rubutun ƙanana ne kamar sawun tururuwa. Ta kwafe shi, ta je ta yi ta danna shi a ɗan allon firintar, wanda faɗinsa bai fi akwatin ashana ba. Yatsun da kifi ya lanƙwasa ba su dace da irin wannan aikin ba, in ta nufi harafi ɗaya sai ta taɓa biyu. Da ƙyar ta gama. Ta koma falo, kwamfuta ta ce ba ta gani ba.

"Zan zo ƙarshen mako in duba," in ji Trine. "Yanzu ana jirana a taro. Gai da Baba."

Bodil ta san yadda ƙarshen makon Trine yake: yara biyu, wasan ƙwallo, miji mai aikin dare. Ta ajiye wayar.

Washegari ta kira lambar da ke jikin kwalin. Aka sa mata kiɗa har kofinta ya huce. Can wani saurayi mai ladabi ya ɗauka, ya ce ta sauko da manhajar firintar daga shafinsu. Ta ce ya yi a hankali, ita mai dafa dankali ce. Ya yi dariya, ya bi da ita sannu sannu, aka sauko da abin. Ya ce to ta duba ko fitilar na ci. Ta je, ta tarar a mace.

"Bai kamata ta yi barci da wuri haka ba," in ji shi. "Wataƙila mai matsala aka kawo miki. Sai ki mayar da ita cikin kwalinta, ki kai gidan waya."

Ta dubi kwalin da ta riga ta yayyaga, ta tuna nauyin abin, ta tuna ba ta isa ta bar Egon shi kaɗai ba ko na zuwa shagon burodi. Ta yi godiya ta ajiye wayar.

Ta ce bari ta gwada na ƙarshe. Ta kunna, ta nufi falo, a hanya ta tuna ta bar tabarau a kan teburin ƙaramin ɗakin, ta juya. Sai ga Egon a ɗakin, ya sunkuya a kan firintar, ɗan yatsansa a kan madanni. Fitilar ta mutu. Ya miƙe yana murmushin wanda ya cika aiki.

"Wani ke ta barin wuta a kunne," ya ce. "Haka gobara ke tashi. Sai na faɗa wa kyaftin."

Abin da ya fito daga bakin Bodil ita kanta bai yi mata kama da muryarta ba.

"Ashe kai ne! Jiya da yau ina ta safa da marwa kamar mahaukaciya, ashe kai ne! Don wa nake yi? Don wa?"

Egon ya ja da baya har ya jingina da bango. Ya dube ta irin kallon da ake yi wa baƙon da ya faɗo gida ba sallama. Ta zauna a kan kujerarsa ta aiki, ta dafe kai. Kuka take so, amma ko ƙarfinsa babu.

"Yi haƙuri, dattijo," ta ce da ta samu numfashi. "Ka yi daidai. Zo."

Da ta huta sai ta rungumi firintar, ta ɗauke ta kamar yadda take ɗaukar tukunyar miyar makaranta, ta dire ta kusa da kwamfuta inda idonta zai riƙa kai. Ko a nan ɗin kwamfuta ta ƙi ganinta. Bodil ta leƙa bayan firintar, ta ga wani ɗan rami mai kusurwa huɗu, ta ce a ranta rami dai don a zura wani abu aka yi shi. Ta jawo akwatin da Egon ke tara igiyoyin wuta, ta zazzage su a kan kafet, ta shiga gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Egon ya zo ya zauna a ƙasa kusa da ita. Duk wadda ta jefar sai ya ɗauka, ya naɗe ta tsaf a hannu, ya ɗaure, ya jera. Rabon da ta gan shi ya natsu haka har ta manta.

Wata toka-toka ce ta shiga. Ta zura ɗaya bakin a kwamfuta, sai ta ji wani ɗan ƙara, allo ya rubuto sunan firintar. Ba ta yi murna ba. Ta dai danna, takarda ta fito da hoton masai, ɗumi-ɗumi. Ta manna ɗan salatif a kan fitilar don kada ta ja hankalinsa, ta je ta liƙa hoton a ƙofa.

Hotunan sun taimaka na wani lokaci. Kafin sanyi ya kankama sai da ƙaramar hukuma ta samo wa Egon gurbi a gidan da tsofaffi ke wuni, mota na zuwa ɗaukarsa wasu ranaku. Trine ta ce wa uwar ta shiga ajin rawa ko na ninkaya, ta ɗan sha iska. Bodil ta ce to. Ranar farko da motar ta tafi da shi, ta tsaya a taga har ta sha kwana, ta kwanta a kan doguwar kujera da takalmanta, ba ta farka ba sai da direban ya danna ƙararrawa da la'asar.