Labarin Kaka da Ake Ɗinkewa a Laya

Shekara ashirin cif da rasuwar Kaka, Juma'ar nan na shiga gidanmu na Zoza na tarar da Baffa Sale da almakashi, yana yanka takardun Kaka.

"Baffa, sannu da gida. Me ake yi haka?"

"Laya za a ɗinka wa jaririn Hajara. Rubutun Malam ai tsari ne."

Na karɓi guntun na duba. Wallahi ba aya ba ce, ba addu'a ba. Labarin Kaka ne, daidai wurin da jirgin ƙarfe ya sauka a duniyar wata, manoma suna fitowa da kayansu. Hausa ce zalla, da ajami. Baffa bai taɓa zama ya karanta ba, haruffan Larabci kawai ya gani.

Zamanin Turawa Kaka ne malamin dagaci. Shi ke rubuta sunayen waɗanda za a kwasa aikin tilas a hanyar Karaye, kuma abin ya tsaya masa a rai. In ya dawo gida sai ya ja tawada ya gina wata duniya: gari a kan wata, inji ke fasa dutse, ba mai ɗaukar kwandon ƙasa a ka, ba mai tuɓe takalmi don ya hango Bature. Mai gari ma zaɓensa ake yi, in ya yi zalunci a miƙa masa fartanya. Wani ya kai tsegumi. Aka raba shi da aikin, aka ce ya taɓu. Bai daina ba, ɓoyewa ya koma yi a gafakarsa ta fata.

Ina shekara tara yana koya min ajami da takardun nan. Ya ce, "Amarya, a can ba a cewa ranka ya daɗe. Sunanka kawai za a kira."

Da zai ga wayar nan da nake rubutu da ita, ba zai yi mamaki ba, ya riga ya rubuta madubin da ake hira da na nesa a cikinsa. Abin da zai ƙona masa rai shi ne har yau durƙusawa muke yi.

Na roƙi Baffa ya bar ni in ɗauki hoton sauran. Ya ce waya tana karya laƙani. Goggo da ke zaune a gefe ta ce, "Ke 'yar birni, komai sai kin maida shi tatsuniya?" To ai labari ne, Goggo! Abin da Bature bai iya yi masa ba, mu zuri'arsa muke yi da almakashi, wai don girmamawa. Ƙarshen labarin ma an daɗe da ɗinke shi, ban san wuyan wa yake ba.

Jibi, bayan sadakar cikarsa shekara ashirin da rasuwa, za a raba ragowar takardun gida-gida. Na san inda gafakar take rataye. In na ɗauke, Baffa ba zai sake amsa gaisuwata ba. Ku da kuke karantawa, in ɗauke ko in bari?